Barka da Rana

A Tudun Wada, ƙofar shagon Iliya mai walda,
mu shida ne kan bencin mutum huɗu.
Gilashi ɗaya, baƙi ƙirin, da tsaga a gefe,
yana yawo hannu zuwa hannu kamar moɗar randa.

"Ya zafi?" in ji Lawandi.
"Lokacinsa ne."
"Ya kasuwa?"
"Da godiya."
Ya kara gilashin a ido, ya ce an gatsi rana ta gefe
yadda ɗansa ke yi wa ƙosai a hanyar aike.

Muka yi dariya, muka koma kan taki:
buhu nawa bana, wa ya samu, wa aka ce ya dawo jibi.
Madam Rifkatu ta taso daga asibiti da farar riga,
ta ce kowa ya kalla da tsirarar ido
kada ya zo mata da kuka ranar Litinin.
Sannan ta miƙo hannu: "Ba ni in gani."

Ƙarƙashin dogonyaro inuwa ta canza hali.
Jinjirin wata ɗari, koko dubu,
zube a ƙasa, a kan takalmana,
a kan tiren mai gyaɗa.
Yarinyar ta sa hannu za ta share, suka hau bayan hannunta.

Iska ta juyo daga wajen Kufena
da wani sanyi da ba na watan nan ba.
Kaji suka bi layi zuwa akurki, ba musu.
Jemagun rimi suka farka suna tambayar juna.
Can wajen Ƙofar Doka ladan ya ɗaga murya,
yara na dukan gwangwani a lungu,
wani mai babur ya kunna fitila
ya ce, "Yau kuma har sama an ɗauke wuta?"

Sai ta rufe.

Baƙin faifai, da farin gashi kewaye da shi
kamar kan tsohuwa ta cire ɗankwali.
Ga Zara tsaye da tsakar rana, ba kunya.
Iliya ya manta salatin da ya faro.
Ni na manta ana bina kuɗin haya.

A duhun nan Baba Sidi,
wanda shekara tara muna raba goro
ban taɓa jin abin da ya wuce "lafiya lau" a bakinsa ba,
ya riƙe mini gwiwar hannu ya ce,
ba da ni ba, ba kuma da kowa ba:
"Tun da Kuluwa ta rasu a zaure nake kwana.
Ɗakin ya yi mini yawa."

Na buɗe baki.
Duk gaisuwar da na gada, ta safe, ta yamma,
ta gajiya, ta sanyi, ta kwana biyu,
babu wadda aka ɗinka daidai wannan.
Na dai bar masa gwiwar hannun.

Ɗigon haske ya ɓullo ta gefe
kamar walda a hannun Iliya.
Zakara ya yi cara, ya ɗauka shi ya jawo ta.
Masu sallah ba su kai ga sallama ba tukuna.

Baba Sidi ya sake ni, ya gyara hula,
ya kakkaɓe rigar da ba ta ɗauki komai ba.
"Yanzu nawa tiyar masara a Sabon Gari?"
Na faɗa masa.
Ya ce Allah ya kyauta. Na ce amin.

Wani ya zo wucewa tura da keke,
ya ɗaga hannu: "Barkanku da rana."
Da can sai in amsa ban ɗago ba.
Yau sai da na dubi ƙasa,
na ga inuwata ta dawo, na ga ta Baba a gefenta,
kafin na ce barka kadai.