Ɗakin Kwalekwale

Wata biyar ina zuba adashi,
na sayar da buhun shinkafar da na ɓoye wa damina,
don Sahabi ya ce duk ajinsu an hau lilo mai juyawa
sai shi.

A Argungu, bayan filin wasan yara,
akwai masauki mai ɗaki tara.
Yarinyar kan tebur ta karanto mana:
ɗakin giwan ruwa dubu ashirin,
na kada sha biyu.
Na yi shiru, na taɓa ƙullin bakin zani.
Ta sassauta murya:
"Akwai na kwalekwale, dubu bakwai. Fanka ce kawai."

Gado ne aka sassaƙa kamar jirgin masunta,
bango shuɗi zuwa ƙugu,
mai fenti ya zana tarwaɗa
da gashin baki irin na Kawu Manu.
Luba ta ƙi taka ƙasa,
wai kada takalmin Sallarta ya jiƙe.

Tsakar dare aka ɗauke wuta.
Fanka ta tsaya, sauro ya gayyato dangi.
Ina cikin lissafin asara
na ji Sahabi ya jawo tsintsiya:
"Inna, riƙe Luba, za mu ƙetare."
Ya yi ta tuƙi cikin duhu,
yana kauce wa dorina,
har barci ya kai mu gaɓa.

Da safe lilon ma gyara ake yi.
Bai yi kuka ba.
A motar Gwandu yake tambayata
ko gadonmu na gida ya iya iyo.