Kwana Goma Sha Tara

A Tartu, ƙanƙara ta rufe bakin kogi.
Ƙarƙashin gada akwai wata 'yar na'ura
mai auna ruwa, tana aiko da lamba duk sa'a.
Kwana goma sha tara take yi, sai ta ɗauke wuta.
Ba ƙonewa ba, ba batir ba.

Maarika Pärnoja ta kwanto ta,
ta kawo ofis cikin jakar burodi.
Ƙwaƙwalwarta megabayit biyu, ba gyara,
kuma babu tafinta a cikinta.

Manyan injuna suna da tafinta.
Manhaja ta nemi fili, a tsinto gutsure nan, gutsure can,
a ce mata, ga gonarki a haɗe,
ta yarda, ta yi shuka.
Wannan kuwa ba ta iya ƙarya ba.
Adireshi shi ne wurin.
Ka nemi taki goma, sai an samu goma a jere,
kafaɗa da kafaɗa kamar sahu.
Shinge ma babu:
rubutu in ya zarce iyaka, gonar maƙwabci ya faɗa,
ba mai cewa kai.

Ta buɗe lissafin daren da ta suma.
Kilobayit ɗari huɗu ba kowa a kai.
An nemi sittin da huɗu kacal,
aka ce babu.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Mai rabon yakan tsaga fili biyu,
ya sake tsaga rabin,
ya mai da su tagwaye,
ba a ɗinke su sai kowa ya dawo hannu.
To, wani ɗan saƙo mai bayit talatin
ya sami tsakiya ya miƙe ƙafa.
Gobe wani, jibi wani,
har fili ya zama gonar gado,
kowa da 'yar kunyarsa, ba inda garma za ta juya.

Tsoho Endel Kivisaar ya leƙo ta bayan kafaɗarta,
hularsa na ɗigar da dusar waje.
Ya ce, ba a fafe gora ranar tafiya.
Raba tun farkawa, kowa ya san rumbunsa.
Ta ce, za a yi asarar wuri.
Ya ce, za a yi.
Ya tafi neman kofi.

Dare uku tana yanka rumbuna,
ƙanana daban, manya daban,
na sittin da huɗu ta keɓe shi, ba mai taɓawa.
Ta mayar da ita ƙarƙashin gada, yatsunta sun sandare.

Ran kwana ashirin, ƙarfe huɗu, duhu ya riga ya sauka,
lamba ta shigo: mita ɗaya da santi arba'in da biyu.
Ba ta gaya wa Endel ba.
Ta ja layi a bayan ambulan,
tana jiran ashirin da ɗaya.