Ƙyauren Gambo

Daren da aka ɗauke mana injin ruwa
a Rahamawa, ana yayyafi,
shi ne ya jawo mana kare.
Sagir ya shigo da shi cikin kwali,
ɗan kwikwiyo ja, kunne ɗaya tsaye, ɗaya kwance.
Ya ce sunansa Ba-ruwanka.
Na ce da ruwana, ai gidana ne.

Kyanwa kuwa ta riga shi.
Shekara tara tana nan,
tun Dije na da rai,
tun tana zuba mata nono a murfin kwano
tana cewa, ke dai ba ki san ta ido ba.
Ba ta da suna. Kyanwar Dije ce kawai.
Har yau a kan kujerar nan take kwana,
ni ma ban taɓa ɗaga ta ba.

Mako uku muka sha kallo.
Tukunyar miya ta kife sau biyu,
butata ta fashe a baki,
ya tsoma hanci a kwanon shana,
na wanke, na wanke, har na ɓata lissafi.
Ita ta zana masa uku a hanci,
ta haye katanga, ta ƙi sauka,
har aka kira isha'i tana can
tana hararata kamar ni na haife shi.

Sai na aika a kira Gambo mai walda
daga bakin Ƙofar Ƙaura.
Ya auna lungun da ke tsakanin zaure da tsakar gida,
ya ce sha ɗaya, na ce bakwai,
muka rabu a tara da kuɗin fenti.
Ƙyaure ne iya ƙugu,
sanduna takwas, sakata ɗaya,
kore shar, kamar ƙofar makarantar yara.
Maƙwabta suka leƙo suna dariya:
Malam Barau ya yi wa dabba iyaka!

Abin da Gambo bai auna ba
shi ne faɗin kyanwa.
Yatsu huɗu ne tsakanin sanda da sanda,
ta sulale ta ciki kamar ruwa,
ta ɗauki ƙashin kifinsa a gabansa,
ta dawo ɓangarenta, ta zauna,
tana lashe hannu a hankali.
Shi kuwa sai haushi da tsalle,
ƙarfe na kaɗawa, kwal, kwal.
Dubu tara na biya
don a tsare wanda ba ya iya sata.

Damina ta wuce, gero ya shigo.
Haushin ya ragu, ban san yaushe ba.
Wata asuba na fito da fitila
na same su suna barci,
shi ta waje, ita ta ciki,
baya da baya, ƙarfe a tsakani.
Na tsaya da buta a hannu
har na kusa rasa jam'i.

Sagir ma a ɗakin zaure yake.
Tun rasuwar uwarsa gaisuwa ce kawai ke haɗa mu,
ina kwana, lafiya lau, sai ƙarar babur.
Yanzu in ya zo zuba wa karensa tuwo
nakan fito da ɗan nonon kyanwa.
Ya jingina ta can, na jingina ta nan,
mu yi zancen tsadar mai,
da ciwon gwiwata, da wata yarinya a Ƙofar Sauri
da ya daɗe yana son ya faɗa mini.

Shekaranjiya na manta sakata.
Ƙyaure ya kwana a buɗe, iska na wasa da shi.
Ba wanda ya ƙetara.
Da safe na rufe shi duk da haka,
na ɗiga masa ɗan man gyaɗa a maɗauri,
don ya fara kuka.