Lissafin Mangaza

Shekara goma sha ɗaya ke nan
kwamfutar nan tana tari a kusurwar mangaza,
ƙurar aya ta cika mata ƙirji.
Da safe Lawali kan kunna ta, ya fita shan koko,
ya dawo ya tarar ba ta gama miƙa ba.

Ran Litinin ta cinye mini wake buhu arba'in.
Ga su jibge, na bi su da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya,
ita ta ce babu.
Ran Laraba ta haifo su tagwaye.
Mutanen lanho kuma sun aiko takarda,
sabon rasit suke so, mai hatimin na'ura,
kafin wata ya mutu.

Lawali, ɗan ƙanwata, ya ce: Kawu, bar mini.
Sabuwar manhaja ce kawai, na ga yadda ake yi a waya,
dare uku ya ishe ni in ba a ɗauke wuta ba.
Na dubi yaron.
Shi ya taɓa kwance mini rediyo,
ya mayar, ƙusa biyu suka yi saura,
amma rediyon har yau yana kama Yamai.

Sai ga Mushe Tankari a motar asuba,
jaka a kafaɗa, turarensa ya danne warin albasa.
Jika ɗari takwas, in ji shi,
ban da masauki, ban da kuɗin mota.
Na juya kuɗin a kaina suka koma aya,
buhu ashirin da bakwai,
rabin kamiyo zai shige aljihun mutum guda
don ya danna abin da ba na gani.

Daren nan ban runtsa ba.
In yaro ya yi mini gyaran gangar Abzinawa,
bashin shekara goma sha ɗaya ya bi iska,
wa zan kama? Ɗan Baraka?
In kai ƙanwata gaban alƙali?
In kuwa baƙo ya ɗaure mini lissafi da ƙullin da shi kaɗai ya iya,
kowace tuntuɓe sai na buga waya Yamai,
kowace waya da farashinta.

Na buɗe akwati na ɗauko littafin Baba,
ajami, tawada ta koma ja,
an ɗaure shi da tsumman rawani.
Shi bai taɓa tari ba.
Amma Baba bai sayar da kaya da naira da safe
ya biya da sefa da yamma ba,
canji na tsalle tsakanin Ɗan Isa da Jibiya
kamar akuya ta ga wuƙa.

Washegari Mushe ya zauna gaban allon yana dubawa kyauta.
Can ya ɗaga kai:
Wane ne Mai Tsinin Hula, da ake bi jika casa'in?
Wace ce Ta Bayan Gulbi?
Me ya sa wannan bashin aka rubuta masa "kar a tambaya"?
Lawali ya yi dariya har da riƙe ciki.
Ni ban yi ba.
Wanda aka ce kar a tambaya
shi ya ba ni jarin farko, shekarar da rumbunmu ya ƙone.

Mushe ya san hanyar da lamba ke bi.
Bai san wanda ake jira sai kaka ba.

Na ce masa: kwana huɗu, jika ɗari uku,
yaron nan a gefenka, hannunsa a kan madannai,
kai dai ka riƙa faɗa.
Ya ce ba haka ake aiki ba.
Na ce a Maradi kake.
Ya fita da waya a kunne, yana zagaya buhunan riɗi.

La'asar ta yi, shayi ya huce, bai ce e ba, bai tafi tasha ba.
Lawali na kwafe sunayen mabarta a kaye da bik,
ko da wani abu.
Kwamfutar ta sake yin tari.