Santsin Dutse

Shekara arba'in ina zamewa a kan dutsen nan
na bakin tabkin Madarunfa,
in zagi santsi, in tashi da gwiwa a goge.
Ban san gari nake takawa ba.

Ran Laraba Tsahara ta zo daga Maraɗi,
ɗiyar ƙanwata, mai karatun ruwa a jami'a,
da tsohon buroshin haƙori da kwalbar magani.
Ta durƙusa tana cuɗa dutse
kamar mai yi wa jinjiri wanka.
Ɗan Jimma ya yi dariya har koma ta suɓuce masa.

Ta ce, Kawu, biyo ni birni.

Ɗaki mai sanyi. Na kanne ido ɗaya,
na leƙa cikin madubinsu.
Jirgi na gani, ni da na tsufa a jirgi,
amma na ƙarau, launin zuma,
an tsaga masa zane kamar ƙwaryar amarya,
yana tafiya ba gora, ba filafili.

Ta ce gansakuka ce, diyatom sunanta.
Da narkakken yashi take gina ɗaki,
hasken rana ne tuwonta,
numfashinta kifinka ke shaƙa.

Na ce, ɗige-ɗigen nan fa da ke karkarwa gefenta
kamar tsaki a gindin turmi?

Ta ce, bakteriya.

Na ja baya.
A asibiti na fara jin wannan suna,
daminar da amai da gudawa suka ɗauke mini Sahabi
yana da shekara shida.

Ta yi shiru har fanka ta gaji da juyi.
Sannan ta ce, ba su ba ne, Kawu.
Waɗannan maƙwabta ne.
Takan zubo musu yauƙi mai zaƙi su lasa,
su bar mata bitamin da ba ta iya haɗawa.
Raba su a kwalba, wata sai ta rame.
Akwai kuma masu zaune kurum
suna jiran ta mutu su yi walima.

Na ce, to, unguwarmu ke nan.

Na sake leƙawa. Na daɗe.
Ban yafe ba, ban kuma ce komai ba.

Da asuba na koma bakin ruwa,
taru a kafaɗa, ƙafa ba takalmi.
Kafin in taka dutsen na yi sallama a hankali.
Ɗan Jimma ya ce, da wa kake?

Ban kai ga amsa ba
na zame.