Kwando Uku

A bayan tashar Jos akwai wani ɗaki
da ƙofarsa ke kukan tsatsa.
Baba Dalyop ke riƙe da makullin,
ya ɗaure shi a ƙugu da zaren buhu.
Ya ce, "Shigo, amma a hankali,
takardun nan sun girmi ubanki."

Warin tsohuwar tawada da kashin ɓera.
Gara ta cinye shekara biyu cur
daga tsakiyar wani littafi,
ta bar mana bango da zare.
Na zauna kan akwatin matattun fitilu
ina juya shafi da yatsa mai yawu.

Akawun ya iya hannu, Allah ya jiƙansa.
Layi-layi kamar kunyar dankali:
tarago goma sha ɗaya, kwal daga Inugu,
an auna a Kafanchan, an sake aunawa a Bukuru.
Kwal ya hau tudu, kuza ta gangara teku.
Kan jirgi ma da lambarsa,
da ranar da aka wanke masa tukunya,
da ranar da ya yi tari aka kira makaniki.
Mutane kuwa suna can ƙarshen shafi,
inda tawada ke fara ƙarewa.

Can na gan shi.
Jatau, mai wuta, lamba ɗari biyu da bakwai.
An yanke masa sule biyu da sisi.
Dalili: kwal ya ɓata a hanya, kwando uku.
Na juya, wata na gaba, kwando uku.
Na juya, gargaɗi da jan alƙalami.
Na juya, kwando uku.

Kakana ke nan,
wanda ban sani ba sai a hoton da ya koɗe.
Iya Lantana, a ɗakinta na Gangare,
takan ce hannunsa na dama ya fi na hagu kauri,
kuma har ya koma ga Mahaliccinsa
in ya tofa yawu baƙi ne.
Takan ce, "Mutumin nan shebur ɗinsa na yoyo."
Sai ta yi dariya har ta share ido,
ba ta taɓa faɗa mana me take nufi ba.

Babu gurbi a littafin don ƙunar damtse,
ko don zufar da ke bushewa kafin Kuru
ta koma gishiri a ƙeya.
Akawu bai rubuta sanyin asuba ba,
wanda ke daskarar da man shanu a ƙwarya.
Ba laifinsa ba ne,
layukan da aka ja masa ke nan.

Na karanta wa Baba Dalyop da ƙarfi.
Ya daɗe yana sosa gemu.
Ya ce, "A hawan nan kafin Kuru
jirgi kan ja ciki kamar tsohon jaki.
Uwata da matan ƙauyenmu
sukan tsaya a duhu da kwanduna.
Wani kan zubo musu ta gefe,
bai taɓa tambayar yare ba.
Da shi aka dafa gwaten da na girma a kai."

Na ce, shi ne?
Ya ce, "Masu wuta da yawa, 'yata.
Fuska duk baƙa, ga dare."

Ban roƙi a ba ni shafin ba.
Na mayar da littafin gurbinsa,
ƙarƙashin na shekarar da gara ta ci.
A waje, mai tumatir ta baza tabarma kan layin dogo,
akuya na cin ciyawa tsakanin ƙarafa.
Na tsaya sayen na ɗari biyar,
sai da na miƙa kuɗin
na ga yatsuna sun yi baƙi.