Asabar a Dadin Kowa

Hanjin kaza na ɗaure da zaren buhu,
Babayo, ɗan shekara tara, ya ɗauki bokiti,
muka gangara ƙasan madatsa
inda duwatsu suka yafa gansakuka.

"Baffa, ni fa na ƙagu."
Na ce, "Ƙaguwa ba ta kama ƙaguwa.
Zauna."

Balbela ta tsaya can tana harararmu,
kamar mun shigo mata gona.
Sai zare ya motsa.
Na ja a hankali, irin jan ƙaya daga tafin ƙafa.
Ga ta, launin laka, idanu bisa tsinke,
ta ga sarari amma ta ƙi sakin hanjin.

Bakwai muka kama kafin la'asar.
Ta takwas ita ta kama ni,
babban yatsa, jini ɗigo biyu.
Yaro ya yi dariya har ya zauna cikin ruwa.

Ba mai cin su a gidanmu.
Muka kifar da bokitin,
kowace ta kama gabanta a karkace,
babu sallama.

Kan babur ya rungume ni ta baya:
"To, me za mu ce mun samo?"
Na ɗaga masa yatsan.